Icen kyauta da injin zarto a sanyin Minnesota, ta ina zan fara?

Tambaya:

Salam Malam. Na samu aiki a wani ƙaramin gari a arewacin jihar Minnesota ta Amurka, mun kama hayar gida ni da iyali, kuma a falon akwai murhun ƙarfe na itace mai bututun hayaki. Kuɗin gas na ɗumama gida ya fara cin albashi, ga shi kullum ina ganin itatuwa a zube gefen titi da bayan gidajen mutane ba mai taɓa su. Wani abokin aikina ya ce zai sayar min da tsohon injin zartonsa da araha. Shin zan iya ɗibar icen nan kyauta? Kuma injin yana aiki lafiya a wannan sanyin da yake wuce 20 ƙasa da sifili? Ban taɓa riƙe shi ba, gatari kawai na sani tun a gida.

Amsa:

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Eh ana samun icen kyauta, sosai ma, kuma injin yana aiki cikin sanyi, ai masu sana'ar katako a arewacin jihar taku sun fi shiga daji lokacin da ƙasa ta daskare saboda manyan motocinsu ba sa kafewa a fadama. Sai dai bari in fara da abin da ba za ka so ji ba. Icen da za ka yanka wannan watan ba shi zai ɗumama ka bana ba, na baɗi ne, wani ma sai baɗin waccan. In ka riƙe wannan ɗin kaɗai ma tambayarka ta biya.

Dalili shi ne ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, kuma murhun ƙarfe irin naka ba ya ci yadda ya kamata sai ruwan ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Mu a gida rana da iskar hunturu su suke mana aikin cikin ƴan makonni, to a nan cikin Janairu ruwan da ke cikin gungumen ya zama ƙanƙara, ko wata uku ya yi a ajiye kusan yadda ka ajiye shi haka za ka same shi. In ka matsa ka cusa shi a murhu za ka ji yana tsuwa, ka ga kumfa tana fitowa ta bakin icen, gilashin ƙofar ya yi baƙi ƙirin, ɗakin kuma ba wani ɗumi don wutar tana fama ne da tafasa ruwa. Wannan duk mai sauƙi ne. Babbar matsalar tana cikin bututu inda ba ka gani, hayaƙin ɗanyen ice yana hucewa a hanya ya manne a jikin bututun kamar kwalta, yana taruwa yana taruwa, ranar da ka hura wuta mai ƙarfi sai kwaltar ta kama, bututun ya rinƙa ruri, kuma haka gidaje da yawa suke ƙonewa a ƙasar nan don galibinsu da katako aka gina su.

Don haka tun kafin maganar inji, ka kira mai gidan ka tambaye shi ko an yarda a kunna murhun, da yaushe rabon da a share bututun. Wasu murhun ado ne kawai, an daɗe da toshe bututun ko kuma inshorar gidan ba ta san da shi ba. A kira mai sharar bututu ya leƙa, sau ɗaya a shekara ake yi. Sannan na'urar da ke ƙara in iskar gubar nan marar wari da wuta ke fitarwa, wato carbon monoxide, ta taru a ɗaki, dokar Minnesota ma ta wajabta a sa ta kusa da ɗakunan kwana, ka duba batirinta da kanka kar ka ce ai mai gida ya duba. Toka kuma a bokitin ƙarfe mai murfi, a waje, nesa da bango, don garwashi yana kwana biyu uku a cikin toka da ransa.

To bana fa? Bana ka sayi busasshe ko kaɗan ne, ka haɗa da gas ɗin. Ka nemi ƴar na'urar gwada damshin itace mai allura biyu, ba ta da tsada, amma kar ka soka ta a daskararren ice a waje don ƙarya za ta maka. Shigo da guda ɗaya ɗaki ya kwana, da safe ka faskara shi, ka soka a sabuwar fuskar da ta buɗe. Masu sayarwa kowa cewa yake nasa ya bushe, na'urar ce za ta raba gardama. Abin da za ka iya samu kyauta ya ci wuta bana shi ne rassan sama na bishiyar da ta daɗe da mutuwa har ɓawonta ya zube, musamman elm, da kuma katakon falet da ake ɗora kaya a kai a bayan shaguna. Shi falet ka duba hatimin da ke gefensa, in ka ga HT to da zafi aka gasa shi ba komai, in ka ga MB to maganin ƙwari aka turara masa, bar shi. Yana ci da sauri da zafi sosai, kar ka cika murhu da shi zalla, ka gauraya. Kuma kar ka yanka shi da injin zarto don ƙusa ce ko'ina.

Yanzu maganar itatuwan da kake gani "ba mai taɓa su". Suna da mai su wallahi. A Amurka da wuya ka samu taƙi ɗaya na ƙasa da ba sunan wani a kai, ko mutum ko ƙaramar hukuma ko jiha ko gwamnatin tarayya. Icen da ma'aikatan wutar lantarki suka sare suka bari a gefen titi yawanci na mai filin ne, ko da kuwa ya shekara a wurin yana ruɓewa. Ka tsaya ka loda ba izini sunansa sata, ka shiga filin mutum kuma wani laifin ne daban, ga shi kai baƙo ne a ƙaramin gari, mota ɗaya ta tsaya a bakin daji kowa ya gani. Abin da ake yi mai sauƙi ne, ƙwanƙwasa ƙofa da rana tsaka, ka ce ka ga itace a zube ko suna buƙatarsa. Da yawa murna za su yi don kuɗi za su biya kafin a kwashe musu. In sun yarda ka roƙi su turo maka saƙo a waya cewa sun yarda, ka tambayi inda iyakar filin take da inda za ka bi da mota, kuma in ka gama ka tattara ƙananan rassan wuri guda. Wanda ya bar wuri fes shi ake sake kira, har maƙwabci ma a ba shi lambarsa.

Hanyar da ta fi kowacce a wurina ita ce kamfanonin sare bishiya na cikin gari. Su kullum neman inda za su zubar da gungume suke, don kai shi juji kuɗi ne da ɓata lokaci. Ka kira biyu ko uku ka ce kana da wurin juyewa, wata rana kawai za ka dawo aiki ka tarar da tsibi a ƙofar gida. Amma fa ba zaɓi, abin da ke motar shi za a juye maka, wani gungumen mutum biyu ba za su rungume shi ba, don haka ka faɗa musu iya kaurin da za ka iya da shi kuma ka sanar da mai gidanka tukuna. Akwai kuma Facebook Marketplace da Craigslist sashen kayan kyauta, nan kam sai mai sauri, ana sawa ana kwashewa. Ka kula da masu rubuta "itace kyauta, zo ka sare" alhali bishiyar tana tsaye ta sunkuyo kan rufin gida, aikin dubban daloli suke so a musu a banza, in ta faɗa kan rufin kuma kai ne a ciki. Sai dajin gwamnati, kuna da manya biyu na tarayya a arewa, Superior da Chippewa, ga kuma dazuzzukan jiha, ana sayar da takardar izinin ɗibar matattun itatuwa don amfanin gida da kuɗi kaɗan, za su nuna maka yankin da aka yarda da irin icen da aka yarda. Takardar ta kasance a jikinka duk lokacin da kake ciki.

Akwai wata doka da baƙi ba sa sani sai sun faɗa. Wani koren ƙwaro ɗan asalin Asiya da ke cin bishiyar ash ta ƙarƙashin ɓawo, an fara gano shi a kusa da Detroit a 2002, ya iso St. Paul a 2009, ya kashe miliyoyin bishiyoyi a Amurka da Kanada, kuma Minnesota tana da ash kusan biliyan ɗaya. Shi da kansa ba ya tafiya da nisa, mutane ne suke kai shi sabon wuri a bayan mota cikin icen wuta. Shi ya sa ma'aikatar gona ta jihar ta killace ƙananan hukumomin da ya ɓulla, ba a fitar da icen wuta daga cikinsu zuwa inda bai kai ba. Ka duba taswirarsu kafin ka ɗauko ice daga wata ƙaramar hukuma, mafi sauƙi dai ka nema kusa da gida ka ƙona kusa da gida. Ta wani ɓangaren kuma ƙwaron nan shi ya sa ash ta kyauta ta yi yawa, kuma ice ne mai kyau, yana faskaruwa da sauƙi yana bushewa da wuri.

Sauran kuwa, oak ya fi kowa riƙe garwashi har asuba amma sai ya yi kamar shekara biyu a faskare kafin ya ci da kyau. Maple mai tauri da birch suna da kyau, shi birch ka faskara shi da wuri don ɓawonsa ba ya barin ruwa ya fita, in ka bar shi a dunƙule ruɓewa yake ta ciki. Aspen da pine da suka cika yankinku ba su da nauyi, suna ci da sauri, amma suna bushewa cikin bazara ɗaya, kuma duk mai ce maka pine ba ya ƙonuwa a murhu ɗanye ya gwada. Mai farawa kamar kai bai kamata ya raina su ba, su ne za su fara shirya. Abin da ba a sawa a murhu ko kyauta ne: katako mai fenti, katakon dandamali ko shinge mai launin kore-kore da aka jiƙa da magani, katakon layin dogo, filawud. In kuma ka ga wata igiyar tsiro mai gashi-gashi ta nannaɗe gungume, musamman in ka gangara kudu, kar ka taɓa kar ka ƙona, mai sa ƙaiƙayi ce da ake kira poison ivy, man da ke jikinta yana aiki ko cikin sanyi kuma hayaƙinta yana illa ga huhu.

Ma'aunin da ake sayarwa da shi sunansa kod, tsibi ne mai ƙafa 4 a tsaye, 4 a faɗi, 8 a tsawo. Kod ɗaya na ɗanyen oak ya haura tan biyu, ƙaramar a-kori-kura ba ta ɗaukarsa a sawu ɗaya, balle but ɗin motarka. Na faɗi wannan ne don ka san "kyauta" ɗin nan akwai fetur a ciki, akwai bayanka, akwai ranakun hutunka.

To inji. Kafin ka biya abokin naka, ku fita waje tare ya tayar a gabanka alhali injin yana sanyi, ba wanda ya riga ya ɗumama a gareji ba. Ka riƙe igiyar tayarwa ka saki injin ya rataya, in ya zube ƙasa sululu ba turjiya to ƙarfinsa ya tafi. Ka tura ƙarfen birkin da ke gaban hannun hagu, dole ka ji ƙas kuma sarƙa ta ƙi motsi, in birki ba ya aiki ko kyauta ya ba ka kar ka karɓa. Ka ɗaga masa wuta bakin takobin, wato dogon ƙarfen da sarƙar ke zagayawa a kai, yana kallon kwali, ya kamata ka ga layin feshin mai a kwalin. Matsakaici ya ishe ka, mai siisii 40 zuwa 50 da takobi inci 16 ko 18. Stihl ko Husqvarna ko Echo sun fi sauƙin samun kayan gyara a ƙananan garuruwa. Ka sauke littafinsa a intanet ka karanta, da gaske nake, rabin abin da zan faɗa yana ciki.

Mansa irin na ƙaramin janareton Tiger ne da ake haɗa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya, sai dai nan ba a yin na ido. Kashi 50 na fetur, kashi 1 na man injin zarto na musamman, wato mililita 100 a lita 5, ko ƴar kwalbar nan ta awunsi 2.6 a galan ɗaya. Ka zuba fetur zalla ko sau ɗaya, cikin mintuna inji ya ƙone. Fetur ɗin gidan mai na yau da kullum a Minnesota akwai kashi 10 na etanol a ciki, shi kuma yana jan ruwa daga iska, ruwan ya kwanta a ƙasan tanki ya daskare a kafireto. Ka nemi famfon da ke sayar da marar etanol na ƙananan injina, gidajen mai da yawa a arewa suna da shi saboda masu kwalekwale da baburan ƙanƙara. Kar ka haɗa da yawa, na wata ɗaya ya isa.

Yawancin injinan akwai wata ƴar ƙofa ta roba a ƙarƙashin murfin sama, gefe ɗaya hoton rana gefe ɗaya hoton ƙanƙara. In ka juya ta zuwa sanyi sai iska mai ɗumi daga jikin silinda ta rinƙa shiga wajen kafireto don kar ya yi ƙanƙara. Stihl sun ce a juya in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 10 na Salshiyas. Mutane da yawa sun shekara da inji ba su san da ita ba, sai su ce yana mutuwa cikin sanyi. Ka tuna ka maida ita in bazara ta shigo, in ba haka ba zafi zai masa yawa.

Tayarwa a ƙasa ake yi. Share dusar ƙanƙara, ajiye shi, sa birki, ƙafar dama cikin hannun baya, hannun hagu ya danne na gaba, ja cok, ja igiya har ya yi tari sau ɗaya, maida cok rabi, sake ja. In ka ci gaba da ja da cikakken cok bayan tarin nan fulogi zai jiƙe ka yi ta fama. Wannan salon da za ka ga wasu suna yi na wurga injin ƙasa da hannu ɗaya suna fizgar igiya da ɗayan, kar ka koya. In ya tashi ka bar shi minti ɗaya biyu ya ɗumama kafin ka sa shi a itace.

Man sarƙa shi ma akwai na sanyi, ya fi ruwa-ruwa. Na bazara in ya ji 20 ƙasa da sifili kauri yake yi ya ƙi gudu, sarƙa ta rinƙa tafiya a bushe, ka ga takobi yana hayaƙi gefensa ya yi shuɗi. Ka ajiye galan ɗin a cikin mota wajen hita, kuma duk sanda ka cika fetur ka cika shi, in ka ga fetur ya ƙare shi bai ragu ba to ba ya fita, tsaya ka duba. Tsohon baƙin man mota da wasu ke zubawa ba na ba da shawararsa, yana cin famfon kuma kai kake shaƙar feshin.

Ga wani abu da sanyi ke yi wanda ba kowa ke faɗa ba. Sarƙa in ta yi zafi tana saki, sai ka ɗaure ta a wurin aiki, daidai ne. Amma in ka gama ka ajiye ta a haka, tana hucewa cikin wannan sanyin za ta tsuke ta ja ƙarfen da ke juya ta da ƙarfi har ta iya lalata boris. Don haka in ka tashi aiki sassauta ta. Daidai ɗaurin shi ne ta kwanta a ƙasan takobi ba ta lilo, kuma ka iya jan ta da hannu cikin safa ta zagaya, inji a kashe.

Daskararren ice ya fi tauri, ɓawon kuma cike yake da ƙanƙara da yashi musamman wanda aka ja a ƙasa, haƙora suna dakushewa da wuri. Ka sayi sarƙa mai haƙori mai ɗan zagaye a kusurwa, ba mai kaifin kusurwa irin ta ƙwararru ba, ta fi jure datti kuma ba ta cika fizga ba. Ka riƙe biyu ko uku. Ka koyi wasawa da zagayayyen magagari daidai lambar sarƙarka, ana sayar da shi da maƙalin da ke nuna kusurwa, yawanci digiri 30 ne, wasu suna ragewa zuwa 25 saboda daskararren ice. Yadda za ka gane ta dakushe, ka kalli abin da ke zubowa: mai kaifi ɓarɓashi take fitarwa manya-manya, dakusasshiya gari. Da ka ga gari ko ka ji kana dannawa da ƙarfi, tsaya. Ka kankare ƙanƙarar wurin da za ka yanka da ɗan gatari, kuma kar ka bari baki ya taɓa ƙasa, daƙiƙa ɗaya a daskararriyar ƙasa ta gama da wasawar. Yanka kashi uku cikin huɗu a duk tsawon gungumen, ka mirgina shi, ka ƙarasa ta ɗaya gefen. Tsawon kuma ka auna cikin murhunka tukuna ka rage kamar inci 3, yawanci inci 16 ake yi.

In ka gama ka kaɗe dusar da ta shiga wajen birki da matatar iska, ka bar injin a gareji mai sanyi. Shigo da shi ɗaki mai ɗumi a fita da shi gobe yana sa raɓa ta taru a ciki ta daskare. In kuma na batir ka ƙare da saya, yana da kyau ga ƙananan rassa amma sanyi yana shanye cajin, ka sa batirin cikin rigarka har ka isa, kuma kar ka yi masa caji yana ƙasa da sifili na Salshiyas, bari ya ɗumama a ɗaki.

Jikinka kuwa, nan ne ba na wasa. Hukumar kula da cututtuka ta Amurka ta ce kimanin mutum 36,000 ake kaiwa asibitin gaggawa duk shekara saboda injin nan. Sarƙar tana gudun kusan mita 20 a daƙiƙa, ba yanka take kamar wuƙa ba, yagar nama take. Kafin ka ja igiya ko sau ɗaya ka sayi rigar ƙafa ta masu zarto da ake ɗaurawa kan wando, cikinta zare ne da yake cusuwa ya tsayar da sarƙa nan take, ka sayi hular kwano mai ragar fuska da marufin kunne, da takalmin sefti mai riƙe santsi. In kuɗin bai kai inji da kayan nan duka ba, jira ya kai. Ba mayafin wuya mai lilo, ba igiyar hular sanyi a waje. Kaya hawa-hawa za ka sa yadda za ka rage in ka fara gumi, don gumi cikin auduga in ka tsaya hutawa shi ke kawo daskarewar jiki. Safar hannu biyu, ɗaya ta jiƙe ka canza. Karkarwar inji da sanyi in suka haɗu yatsu suna yin fari su mutu, kuma yatsan da ba ya ji ba ya riƙe inji, da ka ji haka shiga mota ka ɗumama. Fetur kuma ba ya daskarewa, sanyinsa daidai da na waje yake, in ya zubo maka a fata a 20 ƙasa da sifili nan take yake ƙona wurin, don haka da safa ake zubawa.

Abin da ya fi raunata sababbi shi ne harbin inji. In saman ƙarshen takobin ya taɓa wani abu sarƙa tana gudu, injin yana tasowa sama zuwa fuskarka da saurin da hannu ba ya tarewa. Cikin dusar ƙanƙara abin ya fi yawa don ba ka ganin reshe ko dutsen da ke ɓoye bayan gungumen. Tattake dusar ka ga ƙasa kafin ka fara, hannu biyu kullum, babban yatsan hagu ya zagaye ƙarfen riƙo ta ƙasa, kanka kar ya zama a saitin takobi, ba yanka sama da kafaɗa, ba hawa tsani da inji, in za ka taka fiye da taku biyu sa birki. Ka kuma karanci gungumen kafin ka taɓa shi. In ya dogara a kai biyu tsakiya a sama, yankan zai rufe ta sama ya cije takobi, sai ka ɗan tsaga sama ka ƙarasa ta ƙasa, ko ka buga tsinken roba, wato ƴar roba mai tauri mai siririn baki da ke hana tsagar rufewa, a tsagar. In kai ɗaya ne ke lilo, ɗan tsaga ƙasa ka ƙarasa ta sama. Ƙaramar bishiyar da babba ta danne ta lanƙwashe, tana sakuwa take dukan mutum, ka bar ta. A gangare kuma ka tsaya ta sama.

Kada bishiya a tsaye, shekarar nan babu kai. Abin da ke kwance kawai. Daskararren ice yana karyewa ba gargaɗi, matacciyar ash ta fi kowacce mugunta don ƙwaron ya bar ta da gautsi, reshen sama yana ɓallowa tun kana yanka gindi, ƙwararru ma da motar ƙugiya suke zuwar mata. Duk icen da ke kusa da wayar lantarki ko wanda guguwa ta jingina a jikin wani, wuce. Kar ka fita kai kaɗai, ka tuna ƙarfe huɗu da rabi rana ta faɗi a Disamba, kuma waya cikin aljihun ciki don sanyi yana kashe batirinta. In abokin naka ya iya, ka roƙe shi ya raka ka fitar farko ya tsaya a kanka, in kuma ka ji ana koyarwa na yini ɗaya a kusa, je ka.

Inda gatarinka zai yi rana shi ne faskare. Daskararren gungume ya fi daɗin faskarawa, ash da oak da maple bugu ɗaya suke darewa, sai dai ka nemi mai nauyin kai na faskare, kuma ka bi tsagar da ka gani a fuskar icen, manyan kuma ka fara ɓantara daga gefe. Elm ne kawai zai sa ka yi gumi don zarensa a murɗe yake, shi kam ku haɗa kuɗi ku yi hayar injin faskare na yini. Faskara da wuri don a dunƙule ba ya bushewa. Jera shi kan falet kar ya taɓa ƙasa, layi ɗaya ko biyu inda rana da iska ke bugawa, ɗan nesa da bangon gida, rufe sama kawai da kwano ko tamfol ka bar gefe a buɗe. Ware oak gefe guda ka rubuta shekarar a jiki. In lokacin ƙonawa ya zo ka rinƙa shigo da na kwana ɗaya ko biyu kawai, don ƙwarin da suka yi barci a ƙarƙashin ɓawo suna jin ɗumin falo za su farka.